Gwiwar Valdeir

Ƙanena Valdeir ɗan wasan tsakiya ne, mai lamba biyar, irin waɗanda ke kwasar wahala wasu su ci ƙwallo a tafa musu. Ya zagaye ƙananan kulob-kulob na Rio har ya haura shekara talatin, sannan gwiwarsa ta dama ta tsinke. Aka yi masa aiki, ya sha jinya, ya miƙe da ƙyar. Kocinsu, da suke kira Farfesa, ya ce zai gwada shi a wasan Lahadi. In ya iya, gurbinsa na nan. In ya kasa, shi ke nan.

A makon ne ɓarin jikin mahaifiyarmu ya shanye, bakinta ya karkace. Muna kanta a asibiti ta damƙe hannunsa tana kokawa da harshe.

"Alkawari... gwiwa... coci... ba a kai ba."

Nan take na gane abin da Valdeir zai yi. A unguwarmu in ɗanki ya kwanta, kina yi wa Uwa Maryamu alkawari a madadinsa, kuma kowa ya san masu hawa matakalar cocin kan dutse a kan gwiwoyinsu don cika irin wannan alkawari.

A waje na tare shi. "Kai, kana da hankali kuwa? Gwiwar da aka ɗinke jiya-jiya?"

"Yaya Neuza, saboda ni ta yi alkawarin. Na warke ban cika ba, ga ta nan kwance."

"To ni zan hau."

"Gwiwarki aka roƙa wa lafiya?"

"Ka bari sai bayan Lahadi, don Allah!"

"In ba ta kai Lahadi ba fa?"

Na zage shi, na yi kuka, na kira shi ɗan taurin kai tun yana goye. Ko kallona bai yi ba.

Ranar Juma'a ya naɗe ƙafar wando ya durƙusa a gindin matakala, rana na dukan mu. Ina biye da shi da gorar ruwa. Mutane na wuce mu, wannan da kyandir, waccan da hannun da aka ƙera da kakin zuma, irin siffar gaɓar da ta warke da ake ratayewa a ɗakin godiya na cocin. Wani ya gane shi ya ce, "Lamba biyar, yau ma kai ne da dako?" Valdeir har ya yi dariya.

Mun wuce rabi na ji ƙas! Ya kife. Na ce ya isa haka, wallahi ya isa. Ya ture ni, ya ƙarasa da jan ciki, jini na bin dutse.

Lahadi wani yaro ya saka lamba biyar. Farfesa bai ko kira ba.

Da bakin Mama ya fara sakuwa, na kai mata shi a kan sandunan guragu. Ya sunkuya ya ce, "Mama, na cika. Na hau har sama."

Ta kalli sandunan, ta kalli bandejin.

"Hawa kuma?" ta ce a hankali. "Wa ya ce ka hau? Gwiwar kakin zuma na yi alkawari. Na saya tun kana kwance, tana cikin kwabata. Kaiwa kawai za a yi."

Na koma gida na buɗe kwabar. Tana nan naɗe cikin tsohuwar rigarsa ta ƙwallo, fara sol, ko ƙwarzane babu.