Kwalba Ta Biyu

A shekarun da gangar mai ta yi tsada, gwamnati ta riƙa tura malaman jami'a ƙaro karatu a ƙasashen waje. Gurbi ɗaya ne ya zo tsangayar su Malam Sammani, kuma Almu aka ba.

Tare suka tashi a unguwar Gobarau cikin Katsina, tare suka yi makaranta, shekara ɗaya aka ɗauke su aiki. Sammani malamin kimiyyar haɗa sinadarai ne, Almu kuma na fiziks. Aikin da ya kai Almu Turai a hannun Sammani ya fara. Shi ya shekara biyu a ɗakin gwaje-gwaje yana dafa sinadarai har ya samu wasu ƙwayoyi ƙanana da ake kira ɗigon kwantum. Ido ba ya ganinsu, amma in aka haska ruwan da suke ciki da wata fitila ta musamman sai ya ɗau haske kore shar. Abin da babu a Katsina shi ne na'urar auna girmansu. A can Turai akwai wata babba mai harba hasken eksire, irin na hoton ƙashi a asibiti. Hasken yakan bugi ƙwayoyin ya watsu, daga yadda ya watsu ake gane girmansu da tsarinsu.

Almu ya tafi da kwalba ɗaya ta ƙwayoyin. Bayan wata biyar ya turo hoto: wasu zobba masu haske, ƙarami cikin babba.

"Nanomita uku, kusan duk girmansu ɗaya!" in ji shi a waya. "Farfesana ya ce hannunka na da kyau."

Sammani ya yi murna ranar. Amma da Almu ya zo hutu aka shirya masa lacca, zaure ya cika, shugaban tsangaya ya tashi ya kira shi abin alfaharin Katsina. Almu ya ambaci sunan Sammani sau biyu. Ba wanda ya waiwaya. Da aka tashi, wani malami ya dafa kafaɗar Sammani ya ce, "Ashe kai ke taya shi wanke kwalabe? Allah shi ba da lada."

Sammani ya koma gida unguwar Kambarawa bai iya cin tuwo ba. Matarsa Hajara ta dube shi.

"Malam, lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ai kuwa Lailatu matar Almu ta aiko da turare, tsarabar maigidanta. Ta ce baɗi da ita za shi koma."

"To, ki shafa," ya ce, ya tashi ya bar mata ɗakin.

Daga nan ko sunan Almu aka ambata sai ransa ya ɓaci. Ya san Almu bai cuce shi ba, wannan ma ya fi ci masa rai, don ya rasa laifin da zai riƙe.

Da damina ta kama Almu ya kira. An ba shi kwana biyu a kan babbar na'urar, bayan wata takwas yana jiran layi. Yana son kwalba ta biyu, irin ta farko sak, don a tabbatar da sakamakon kafin ya kare digirinsa.

Sammani ya dafa ta kamar yadda ya saba. A ƙarshe akwai wani mai da ake zubawa don kada ƙwayoyin su manne da juna. Ya ɗauko shi, ya tsaya yana kallon ruwan sama ta taga, sai ya mayar da shi kan kanta. Ya haska kwalbar, kore shar kamar ta farko. Ya toshe ya aika.

Mako shida babu labari. Sai wani abokin aiki ya ce ya ji gwajin Almu ya lalace, an ɗage kammala karatunsa da shekara guda. Sammani ya jira daɗin da ya zaci zai ji. Ya ji shi kuwa, ɗan kaɗan, kuma bai kai la'asar ba.

Bayan Babbar Salla Almu ya zo gida. Ya yi sallama a ƙofar Sammani da hantsi, aka shimfiɗa tabarma a zaure. Suka gaisa, aka tambayi iyali da gajiyar hanya da mutanen Gobarau ɗaya bayan ɗaya. Sannan Almu ya zaro takarda ya ajiye a tsakaninsu. Babu zobba, sai wani dunƙulen haske a tsakiya.

"Sun cure wuri guda," ya ce. "Na ɗauka zafin hanya ne. Sai muka bincika ruwan, babu man ko ɗigo. Sammani, kai ba ka mantuwa a wajen aiki."

Sammani ya dubi takardar.

"Ban manta ba."

"Mi na yi maka?"

"Ba ka yi mani komai ba. Ni na dafa, kai aka tafa ma."

Almu ya naɗe takardar a hankali. "Na faɗa masu a hanya ta lalace. Haka zan bar shi." Ya sa takalmansa, ya ce a gaida Hajara.

Bai sake neman kwalba ba. A can ya koyi dafa ƙwayoyin da kansa, ya sha wuya, aka ce sai a karo na tara suka yi kyau. Ya dawo da digirinsa bayan shekara biyu, aka ba shi ofis a bene ɗaya da Sammani.

Suna gaisawa har yau, gaisuwa cikakkiya, kuma suna zuwa sunan 'ya'yan juna. Amma in ɗalibai suka taru a ƙofar Dakta Almu, Sammani yakan tura tasa ƙofar ya rufe, ya ci gaba da duba takardun jarrabawa.