Teburin Kusa da Gilashi

Tun a layin tikiti Goggo ta fara mita, kuma ba ta da niyyar dainawa. A ganinta, duk wurin da za a karɓi kuɗinka kafin ka shiga, sannan a sake karɓar wani kafin ka sa loma a baki, ba wurin mutanen kirki ba ne. Ta faɗi haka da ƙarfi don mai yankan tikiti ya ji. Shi kuwa ko a jikinsa, ya buga musu hatimi a bayan hannu ya ce na baya ya matso.

Tela ce, ta tsufa a kan keken ɗinki, kuma tun da take ba ta taɓa biyan farashin farko ba. Wanda ya jawo ta nan yayanta ne, tsohon mahauci, dogon mutum wanda yanzu yake tafiya riƙe da gwiwar hannunta. Autansa kuku ne a gidan gasasshen naman da ke can ƙarshen wannan wurin shaƙatawa. Ita ta raini yaron bayan rasuwar uwarsa, shi ya fara ce mata Goggo, sunan ya bi ta har Yayan kansa haka yake kiranta.

A watan jiya likitan ido ya gaya musu gaskiya ba tare da kwana-kwana ba. Idon hagu ya riga ya tafi, na dama kuma yana kan hanya, abin da ya rage masa kamar mai leƙe ta kafar makulli ne. Auta kuwa ba zai samu hutu ba sai yara sun koma makaranta, don a irin aikinsu ranar hutun jama'a ita ce ranar wahalarsu. Yaya ya tambayi likita ko idon zai kai lokacin. Likita ya tsaya gyara takardun gabansa.

A hanyar gida Yaya ya sa ta yi masa alkawari ba za ta gaya wa Auta ba. Ya ce yaro yana tsakanin wuta da wuƙa, ba a ɗora masa damuwa. Bayan kwana biyu kuma ya ce ta raka shi. Ba fuskar yaron kaɗai yake son gani ba, yana son ya gan shi yana aiki.

"Ban taɓa ganinsa riƙe da wuƙar da ba tawa ba," in ji shi.

Goggo ta tuna masa cewa Autan da bakinsa ya sha faɗa a waya kada kowa ya zo, naman bai kai kuɗinsa ba, rabin abin da ake biya na fitilu ne da kiɗa. In mai gasawa ya faɗi haka, wane ne zai musa? Yaya ya saurare ta har ta gama, sannan ya tambaye ta motar safe za su bi ko ta hantsi.

Cikin wurin ba masaka tsinke. Sama da kansu wani ƙaramin jirgin ƙasa yana hawa yana gangarowa da mutane, suna ta ihu a kan kuɗinsu. Goggo ta ce in tsoro suke nema, da sun zo ta ba su kyauta. Yara na gudu da balan-balan, iyaye na bin su a galabaice. Wani da aka sa wa kayan zaki, da ƙaton kai da wutsiya, ya tare su yana ɗaga hannu. Yaya ya tsaya, ya ɗan rusuna, ya ce masa sannu da aiki ranka ya daɗe, don ya ɗauka wani babba ne a wurin. Dariya ta kama Goggo, amma ba ta kai ƙarshe ba. Ta ja shi suka wuce.

Gidan naman sanyi ƙalau, ga ƙamshin kitse a kan wuta tun daga ƙofa. An jera ƙahonin shanu a bango, an rage hasken fitilu da gangan wai don ado. Goggo ta ji hannun Yaya ya ƙara matse nata, ta san duhun ya cinye ɗan abin da yake gani. Haske ɗaya ne mai ƙarfi a ɗakin, can ƙurya, inda aka raba kicin da wurin zama da wani dogon gilashi. A bayansa kuku-kuku ne cikin fararen riguna da dogayen huluna, suna kai da komo a gaban wuta.

Wata yarinya mai kawo abinci ta tarbe su. Goggo ta nuna teburin da ke jikin gilashin, yarinyar ta ba da haƙuri ta ce wannan sai an kama shi tun kafin a zo. Ta zaunar da su kusa da ƙofa, nesa da kicin iya nisa.

Da Goggo ta buɗe takardar abincin sai da ta cire tabarau ta goge ta mayar, ko idonta ne. Ba idonta ba ne. Ta gaya wa Yaya cewa kuɗin yanka ɗaya a nan, a tsohuwar rumfarsa cinya guda zai ba mutum har da gyara. Ya ce a kawo biyu. Yarinyar ta tambayi yadda suke so a gasa, Yaya ya ce yadda kukun ya ga ya fi. Goggo tana can tana hararar takarda, ta ce ita ma haka.

Kafin yarinyar ta juya, Goggo ta riƙo hannunta ta kwatanta mata Auta: siriri, mai tabo a haɓa, wanda ba ya iya dariya sai ya rufe baki. Yarinyar ta gane shi nan take, har fuskarta ta washe. Amma ta ce kuku ba ya fitowa a lokacin aiki, doka ce, ko waya ba a bari su shiga da ita. Hanya ɗaya ce ke fito da shi, wato in mai ci ya kai ƙarar naman. Nan ne wanda ya gasa zai zo da kansa ya ba da haƙuri, manaja yana tsaye a bayansa.

Aka kawo naman a kan faranti mai zafi, yana tsiyayar da romo, da ɗan dankali a gefe wanda Goggo ta ce ko kaza ba za ta ƙoshi da shi ba. Ta sa wuƙa ta yanka, sai ga cikin jajir. Maimakon ranta ya ɓaci, sai ta ji daɗi ya rufe ta. Ga ƙara ta samu, ta gaskiya ma, ba sai ta yi ƙarya ba. Ta raɗa wa Yaya cewa Allah ya kawo musu sauƙi, naman ɗanye ne, bari ta kira manaja yanzu Auta ya fito gabansu.

Yaya ya laluba ya dafe hannunta a kan tebur. Ya danna nasa naman da ɗan yatsa, ya yanki kaɗan ya sa a baki, ya daɗe yana taunawa.

"Naman nan ba shi da laifi, Goggo. Haka ake cinsa."

"To ina ruwana da yadda ake cinsa? Ba ganinsa ka zo yi ba?"

"Ba a tsaye yana ba da haƙuri ba."

Ta so ta yi gardama, don gardama ba ta taɓa yi mata wuya ba. Amma ta hango Auta a ranta, hula a hannu, kai a sunkuye, wani mai ɗamarar wuya yana tsaye a bayansa. Ta ture jan wajen gefe ta ci bakin-bakin da ya gasu. Yaya ya ce hannun yaron ne, ya gane gishirinsa. Ita ta ga kuku sun fi biyar a bayan gilashin, kowa zai iya zama shi ya gasa, amma ta bar masa abinsa.

Ya tambaye ta ko tana hango shi. Tana hango shi kuwa, can ƙarshen dama, a sunkuye kan katako yana yanka. Ya rame, wuyansa ya ƙara tsawo. Kewarsa ta taso mata gaba ɗaya, ta tuna yaron da take aunawa da tef duk shekara yana mutsu-mutsu yana cewa tana yi masa cakulkuli. Ta shiga ba Yaya labari, ga yadda ya tsaya, ga yadda yake share wuƙa a tsumma, ga hular ta yi masa yawa. Yaya ya saurara, ya juya idonsa wajen hasken, ya ƙanƙance shi, ya sake buɗewa. Sannan ya ajiye cokali ya ce shi ba labari ya zo saya ba.

Ya miƙe. Ta miƙa masa hannu ya ƙi, ya ce in yaron ya ga ana jansa ai zance ya ƙare. Haka ya ratsa ɗakin shi kaɗai, kai a sama, yana shafa bayan kujeru da yatsu kamar mai duba ingancin katako. Goggo na biye da shi taku biyu a baya. Ya isa gilashin ya tsaya cikin yaran da suka taru suna kallon wuta, ya fi kowa tsawo, ya kuma fi kowa kai fuska kusa.

Ya bi fararen rigunan da ido a hankali har ya tsaya a kan wanda ke tsakiya, daidai inda wuta ta fi haske. Wani ƙaƙƙarfan saurayi ne mai faɗin kafaɗa, wanda Goggo ba ta taɓa gani ba. Fuskar Yaya ta buɗe da murmushin da ta manta yana da shi. Ya ɗaga hannu ya ɗan kaɗa. Saurayin ya saba da 'yan kallo, ya gyaɗa kai ya ci gaba da juya namansa.

A daidai nan Auta ya ɗago. Goggo ya fara gani, ya zaro ido, hannunsa ya tafi baki. Sannan ya ga ubansa. Ya ɗaga hannu yana kaɗawa da murna, bai fi taku uku daga inda tsohon yake kallo ba. Yaya bai juyo ba. Auta ya sake kaɗawa, har da tsumman da ke kafaɗarsa. Yaya na nan yana yi wa baƙo murmushi.

Goggo ta ga lokacin da murnar ta sauka daga fuskar yaron. Ya dubi ubansa, ya bi inda idonsa yake, ya dawo ya dube ta. Alkawari ta ɗauka ba za ta faɗa ba, kuma ba ta faɗa ba. Ta dai kasa riƙe idonsa, ta sunkuyar da kai.

Da ta ɗago, Auta ya ajiye wuƙarsa. Ya je ya dafa kafaɗar abokin aikinsa, ya yi masa magana a kunne, ya karɓi abin juya naman daga hannunsa. Saurayin ya koma ƙarshen dama, Auta ya shiga daidai gurbin da ya bari, a cikin hasken. Ya juya naman a hankali. Ya ɗauko wuƙa ya wasa ta, yana jan hannu a tsanake yadda mai kallo ba zai rasa komai ba. Idonsa ya kaɗa ya yi ja, amma a gaban wuta wannan ba abin tambaya ba ne. Can ya matso, ya sa tsummansa ya goge gilashin ta ciki, daidai fuskar ubansa, kamar tururi ne ya tare.

"Yawwa, yanzu ya fi," in ji Yaya. Bai juyo ba ya ce, "Goggo, kin ga riƙon wuƙar? Ɗazu na ga kamar ya yi ƙiba, ashe rigar ce."

"Rigar ce," in ji ta.

Sun daɗe a tsaye. Yara suka gaji suka watse, wasu suka zo. Oda ta taru, wani ya yi wa Auta magana daga baya, ya amsa ba tare da ya bar gurbin ba. Sai da ƙafafun Yaya suka fara rawa sannan ya yarda suka koma, kuma a komawar shi ya nemi gwiwar hannunta da kansa, a gaban yaron.

Namansu ya huce. Yaya ya cinye nasa tas, ya goge farantin da sauran dankali. Da aka kawo takardar biya ya miƙa wa Goggo jakar kuɗinsa ya gyara zama, yana jiran ta fara mita. Ba ta ce uffan ba, ta biya. Shirun ya dame shi, ya tsokane ta, ya ce to malama mai ciniki, ya kai kuɗinsa ko bai kai ba?

"Naman dai ɗanye ne," in ji Goggo.

Ya yi dariya har da tari. Ta bar shi yana laluben hularsa, ta bi yarinyar mai kawo abinci har wajen teburin biyan kuɗi. Ta rage murya yadda ba zai ji ba, ta tambaye ta yadda ake kama teburin nan na kusa da gilashi, da kuma ko gobe akwai wuri.