Ba a Katse Yaya Badiyya

Surukina Harouna mutumin Maraɗi ne, yana sayar da tsofaffin kwamfutoci a kasuwar Alaba, kuma duk duniya babu abin da ya raina kamar linzamin kwamfuta. A cewarsa, duk wanda ka ga yana jan linzami yana danna hotuna, ɗan koyo ne. Manya irinsa baƙin allo suke buɗewa, wanda suke kira taminal, su rubuta wa injin umarni da yatsunsu. Mu da muka ƙare rayuwa a cinikin fata a mayankar Agege sai mu ce Allah ya ƙara basira.

Ya zo gidana bayan azahar, jajibirin sadakar arba'in ta yayata Badiyya. Kafin ta rasu, 'yata Sakinatu, matar shi Harouna, ta riƙa zama kusa da ita tana ɗaukar muryarta da waya. Akwai waƙoƙin da take yi wa amare, akwai faɗan da take yi wa jikoki, akwai kuma doguwar hira guda da ta ba da labarin kakanmu soja, yadda ya sauka Legas da inda aka binne kowa namu. Wayar an zare ta a cikin motar haya ta danfo tuni. Abin da ya rage yana cikin kwamfutar Sakinatu, da wani ƙaramin faifai da take ajiye kwafi a kai. Na yi wa dangi alkawari gobe za su ji muryar Yaya.

Sakinatu tana wurin aikinta a Apapa, inda take kula da kwamfutocin wani kamfanin manyan motoci. Sai ta aiko mijinta ya haɗa mini lasifika mu gwada.

Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaishe ni, ya zauna ƙasa a baranda ya buɗe injin. Da ya gama a nan ya tashi, da ba ni da labarin da zan rubuta. Amma sai da aka yi mini darasi.

"Baba, duba nan. In na rubuta rabin suna na danna maɓallin Tab, shi da kansa yake ƙarasawa."

Na ce, "Madalla. Ka samu mai ƙarasa maka magana, saura mai hana ka farawa."

Ya yi dariya, wai wasa nake. Ya nuna mini ls, mai faɗa maka abin da ke cikin ɗaki. Ya nuna mini grep, mai tsamo kalma ɗaya cikin tarin rubutu. Ya nuna mini in ka danna Ctrl da R, injin zai tuno maka umarnin da ka ba shi tun watan jiya. Ni dai muryar yayata na zo ji. Da ya ga na fara gyara zaman sandata, sai ya kunna doguwar hirar.

Muryar ta cika baranda, da tarinta da tsakinta. Na rufe ido.

Shi kuwa gwani zaman banza bai karɓe shi ba. Ya buɗe wani allon a gefe, ya ce injin ya cika, zai yi shara. Ya ce ai komai yana kan ƙaramin faifai, don haka ya rubuta rm, umarnin sharewa, a kan jakar muryoyin. Sakinatu ta riga ta saita injinta yadda in an ce ya share abu sai ya tambaya tukuna. Harouna ya ga wannan raini ne. Ya ƙara wasu haruffa da ke cewa kada a tambaye shi, ya danna. Daga nan, don aikin ya cika, ya kira wani umarni mai suna rsync, wanda ke mai da ƙaramin faifai daidai da abin da ke cikin injin, ya haɗa masa da sharaɗin abin da babu a nan a cire shi a can. Inji ba ya gardama da oga. Ya ga babu muryoyi a nan, ya je can ya kwashe su.

Abin da ya sa na buɗe ido shi ne shirun Harouna. Ban taɓa jin sa ba.

"Lafiya?"

"Bon..." Faransanci ya kuɓuce masa. "Baba, ƙaramar matsala ce."

"Ƙarama ce take sa ka gumi har haɓa?"

Ya rubuta ls. Babu komai. Ya sake rubutawa, ko injin zai ji kunyarsa. Babu komai. Ya leƙa ƙaramin faifai, nan ma wayam. Sai ya faɗa mini, idonsa a kan tabarma.

Yaya kuwa tana nan tana magana. Tana kan inda kakanmu ya ajiye kaki ya fara sayen goro.

Harouna ya miƙa hannu. "Bari in tsayar da wannan, in kashe injin in sake kunnawa. Wani lokaci..."

Na ɗora kan sandata a bayan hannunsa. "Tana raye ban taɓa katse ta ba. Kai ne za ka katse ta tana kabari?"

"Baba, ai ba ita ba ce, fayil ne, kuma ma an riga an..."

"Ɗauke hannunka."

Ya ɗauke. Da ɗaya hannun ya kira matarsa, ya sa wayar a fili. Ana jin hon ɗin tireloli a bayanta. Ya fara da doguwar shimfiɗa, wai injin ne ya yi wani abu. Ta ce ya danna kibiyar sama ya karanta mata abin da aka rubuta na ƙarshe. Ya karanta. Ta ce ya sake dannawa. Ya karanta wancan ma, muryarsa ta koma kamar ta mai neman bashi.

"Sannu da aiki, injiniya," in ji ta. Sai ta kasa kunne. "Tsaya. Muryar wa nake ji?"

Na ce, "Gwaggonki ce. Mijinki yana so ya rufe mata baki, na hana."

"Baba, kada ku bar shi ya taɓa! Harouna, ko numfashi kada ka yi kusa da wannan allon. Muddin abin da ke kunna ta yana riƙe da fayil ɗin, sunan kawai aka share, muryar tana nan. Yana saki, shi ke nan ta tafi. Baba, saura da yawa?"

Wannan ba sai na tambayi inji ba, labarin na sha jin sa tun ina yaro. "Ta kai kan gobarar layinmu. Daga nan sai kaburbura, sai addu'a."

Harouna ya ce a ɗan dakatar da muryar mana, a samu lokaci. Sakinatu ta ce dabara ce, amma yatsun da suka yi wannan aikin ba ta yarda su je kusa da wurin ba, yana iya danna maɓallin fita. Ta ce ya tsaya a allon gefe, za ta turo masa umarnin a rubuce, ya kwafa harafi da harafi, kada ya ƙara hikimarsa ko ɗaya.

Na farko ya shigo: lsof, a miƙa wa grep ya nemo abin da aka share amma ake riƙe da shi. Gwanin Tab da Ctrl ya koma rubutu da yatsa ɗaya. Injin ya yi ta tunani. Yaya ta fara lissafa matattu, tana faɗin wanda ke kusa da katanga da wanda ke gindin bishiya. Ta ambaci mahaifinmu.

"Ya fito!" in ji Harouna. Ya ɗauki hoton allon ya tura mata.

Ta ciro lambobin da take nema, ta turo na biyu: cp, a kwafo daga wani lungu mai suna proc, a zuba a filas, ɗan abin ajiyar fayil da ke aljihunsa, ba cikin injin ba. Ya zaro filas ɗin, ya soka a juye, ya juya, ya sake sokawa. Yaya ta ambaci mahaifiyarmu, ta ce a gefen dama take, ta fara salati.

"Danna mana, bawan Allah," na ce.

Ya danna. Baƙin allon bai ce komai ba. Sakinatu ta ce haka yake, in aiki ya yi kyau ba ya surutu. Na ce ashe akwai abin da mijinta bai koya a wurinsa ba. Ta sa ya duba girman abin da ya sauka ya karanta mata. Ta sauke ajiyar zuciya har muka ji ta cikin hayaniyar Apapa.

A lasifika Yaya ta shafa addu'a, ta yi tari, ta ce, "Ke Sakinatu, kashe abin nan haka, na gaji."

Abin ya tsaya da kansa.

Waƙoƙin amare da faɗan jikoki, Sakinatu ta bi sawunsu da wasu dabarun tono, guntaye kawai ta samu. Hirar nan ita ce ta fita cikakkiya. Washegari dangi suka cika tsakar gida har bakin titi, na Ajegunle da na Ojo, suka saurare ta tun daga kakin soja har salati, babu wanda ya motsa. Sakinatu ce ta kunna. Shi kuwa Harouna, na ba shi aikin da ya dace da iliminsa, ya riƙe lasifika da hannu biyu.