Inda Gudiya Ba Ta Gani

Muryar ta fito daga inda babu kowa.

"Inna Gudiya, sannu da aiki."

Gudiya ta tsaya da ware albasa. A gabanta babu komai sai tulin da take tsincewa da ƙafar rumfar kara. Ta juya wuyanta a hankali har haɓarta ta kai kafaɗa, sai fuskar Umaima, matar maƙwabcinta Hashim, ta faɗo cikin idonta, kusa ƙwarai, kamar daga ƙasa ta tsiro.

"Ashe ke ce. Yaushe kika zo?"

"Tun ɗazu nike tsaye, Inna. Har hannu na ɗaga miki."

Gudiya ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta daɗe da lura duniya tana tsukewa. Da farko gefe ne ya dushe, kamar hayaƙin murhu ya taru a kusurwar ɗaki. Yanzu kuwa komai take kallo, kamar ta cikin bakin tulu take leƙensa. Mutane su ɓullo, su ɓace. Akuya ta yi kuka a gefenta, ta waiwaya ba akuya. Ido bai taɓa yi mata ciwo ba, don haka ba ta kira abin cuta ba. Tun rasuwar mijinta ma babu wanda za ta gaya wa.

Umaima ta kwanto goyonta, Mardiyya, ta miƙa mata. Yatsun Gudiya na taɓa cikin jaririyar sai ta ƙwalla ƙara. Uwar ta kai hannu da sauri, fatarsu ta haɗu.

"Subhanallahi! Inna, hannunki kamar na gawa, cikin zafin ga?"

"Haka yake tun ina budurwa, ɗiyata."

Umaima ta karɓe jaririyar. Ta mayar da goyonta, ta ɗaure zani tamau, ta tafi ba sallama.

* * *

Ƙauyensu, can bayan Kashin Zama, ƙarami ne. Magana ba ta kwana wuri ɗaya. Aka ce Gudiya tana juya kai irin na mujiya. Aka ce idan ta kafa maka ido ba ta ƙiftawa. Aka ce tana wuce mutane ba gaisuwa, don kurwarsu take kallo, ba fuskarsu ba. Mata suka daina aiko a ɗebi wuta a gidanta. Idan ta nufi rijiya sai ta ji hira ta mutu, ta ji takun ƙafafu suna watsewa a gefen da ba ta gani.

Abin da ya fi tsorata ta shi ne ita kanta ta fara tambaya. Takan zauna da hantsi ta ɗora tafukanta a kan cinya, ta ji sanyinsu yana ratsa zani. Shin mutum yana iya zama maye bai sani ba?

Da damina ta sauka, zazzaɓi ya kama Mardiyya. Da safe ta fara shiɗewa, idanunta suna juyewa. Akwai babura a garin, hanyar Aliero kuma ba ta yanke ba, amma ba a nufi asibiti ba. Gidan Gudiya aka nufa.

Suka fito da ita dandali, aka fizge kallabinta. An shimfiɗe yarinyar a tabarma.

"Ki tsallake ta, ki sako mata kurwa," in ji Hashim. Gudiya ce ta yi masa wankan jarirai ranar da aka haife shi.

"Hashimu, ni ce fa."

"Don Allah, Inna. Ki tsallake kawai."

Ta ji numfashin mutane kewaye da ita, amma ba ta ganin kowa. Ta sunkuyar da kai tana laluben tabarmar da ido. Ta samu fuskar yarinyar, ƙarama, tana sheƙi da zufa. Sauran jikin yana cikin duhu. Ta yi bisimilla, ta ɗaga ƙafa, ta sauke inda take zaton ƙasa ce.

A kan hannun Mardiyya ta sauke.

Ihun da ya tashi bai yi kama da na mutane ba. "Da gangan ta yi! Ta ƙi saki!" Wani abu ya daki bayanta, wani ya fasa mata goshi, ba ta ga daga inda suka zo ba. Ɗanta Muntari, da ke gyaran injinan ban-ruwa a Maiyama, wani ya kira shi a waya tun da safe. Ya kutsa da babur cikin taron, ya rufe ta da jikinsa.

"Ku kai ɗiyar ga asibiti!" yake faɗi. "Mi kuke jira?"

Sai bayan la'asar suka tafi da ita. Ba ta isa Aliero da rai ba.

* * *

A Jega, wajen ɗinke goshin, ma'aikaciyar jinya ta lura Gudiya tana laluben kujerar da ke gefenta, ta tura su ɗakin masu duba ido. Likitar mace ce, mai magana a hankali. Ta haska fitila cikin idanun Gudiya ta daɗe tana leƙe, sannan ta kama hannayenta biyu ta riƙe. Ba ta zabura ba.

"Mama, kina yawan ciwon kai na ɓari ɗaya? Ƙafafunki ma suna sanyi?"

"Wa ya gaya miki?"

"Jikinki. Ƙananan jijiyoyin jininki ne suke yawan matsewa, shi ya sa jini ba ya isa yatsu sosai. Haka yake faruwa a bayan idonki. Jinin da ya shiga ba ya fita da sauƙi, sabo kuma ba ya samun hanya, sai jijiyar gani ta riƙa mutuwa daga gefe. Gilakoma ake kiran cutar. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma da maganin ɗigawa za mu yi ƙoƙarin tsare wanda ya rage."

Likitar ta sa matar Muntari, Hidaya, wadda ta rako su da tsohon ciki, ta tsaya a gefe tana matsowa kaɗan kaɗan, don iyalin su san daidai inda ganin ya tsaya.

Gudiya ta ce, "Likita, ke nan ba ni na ci ta ba?"

Likitar ta kalli Muntari. Ya sunkuyar da kai.

"Babu wanda kika ci, Mama."

Muntari ya koma ƙauye da wannan magana, ya faɗe ta a ƙofar masallaci. Wani dattijo ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Likita ido ta duba, Muntari. Ta duba ciki?"

* * *

Gudiya ta zauna a Maiyama, a ɗakin da ke kusa da zaure. Hidaya ba ta taɓa ɗaga mata murya ba. Ita ke ɗiga mata magani safe da yamma, ita ke kai mata ruwan alwala da ɗuminsa. Da kaka ta haifi ɗa namiji.

Wata ranar hantsi Gudiya na zaune bakin ƙofa, idonta a kan bishiyar dalbejiya da ke tsakar gida. Muntari ya fita aiki. Sai ta ji motsi ta hagu: tafin ƙafa ba takalmi, yana bin jikin katanga a hankali, daidai wajen da likita ta nuna. Ta ji ƙamshin turaren jegon Hidaya. Ta ji ɗan ƙaramin numfashi, da tsotson leɓe irin na jariri mai barci, ya zo dab da kunnenta, ya wuce zuwa zaure.

Da ta juya wuyanta kaɗan, da ta ga jikanta.

Ta ci gaba da kallon dalbejiyar har aka rufe ƙofa.