Stelian Ya Cika Ba Kyandir

Horia Dobrin ne ya bar Stelian ya mutu a duhu. Likita ya ce zuciya ce, ya je ya gaya wa wani. Teku ma kada a ɗora mata, ranar ko kumfa babu a kanta. Horia ne, manajan kamfanin jirage masu saukar ungulu da ke kai ma'aikata dandamalin gas a tsakiyar Bahar Aswad, mutumin da turarensa ke riga shi shiga ɗaki.

Paraschiva, uwar Stelian, tana tsakar gida tana jera kabeji a ganga tana zuba gishiri, wayarta ta yi ƙara. Panait ne, kukun dandamalin, ɗan ƙauyensu. Ya ce Stelian ya yanke jiki ya faɗi da hantsi a bakin inji, dafe da ƙirji. Malamin jinyar wurin ya ce abin da ke akwatinsa ba zai riƙe shi ba, sai an kai shi asibitin birnin Constanța. An kira jirgi, an ce yana tafe.

Ko hannu ba ta wanke ba. Ta shiga ɗaki, ta miƙa hannu bayan hoton Budurwa Maryamu, ta ɗauko kyandirin da ta kunno a coci ranar Ista ta ajiye don ranar tata tafiyar. A ƙauyensu ko ɓarawo ba a bari ya cika ba kyandir a hannu. Wanda ya tafi ba haske, lalube zai yi ta yi a can, ba ya ganin hanya, ba ya gane nasa. Ba mugun fata take yi wa ɗanta ba. Ita dai ba ta taɓa zuwa wurin mara lafiya aljihu wayam ba.

Ƙaramar bas ta sauke ta a bakin filin jiragen. Tun daga shinge ta hango jirgin a zaune a rana, an ɗaure fukafukansa da igiya kamar kazar da za a kai kasuwa. A kan benci kusa da ƙofa wani dattijo ne cikin kayan tuƙi, kansa fari fat, yana juya kofin kofi da ya huce. Kyaftin Anghel ke nan. Ta tambaye shi ko shi ne matuƙin, ya ce shi ne. Ta ce to zaman me yake yi?

Bai dube ta ba ya ba ta amsa. Jirgin na mutum biyu ne, ba ya tashi da matuƙi ɗaya. Abokin tuƙinsa ya tattara ya tafi Norway tun bazara, ya gaji da albashin da ba ya zuwa sai an yi roƙo. Wasu sun bi shi, wasu sun nufi ƙasashen Larabawa. Biyun da suka rage sun kwana biyu suna jigila har sun cinye sa'o'insu, doka ta kwantar da su sai la'asar. Sannan ya nuna mata rumfar maƙwabta da haɓa. Wani kamfani ne, jirginsu a waje, matuƙansu biyu suna kati a inuwa. Ya ce waya ɗaya daga bakin Horia ta isa su tashi. Amma kamfanin Horia ya yi wa masu gas alkawarin matuƙan ko-ta-kwana kullum, yana karɓar kuɗinsu, kuma babu su. In ya kira maƙwabci ya tona kansa, kwangila ta tafi, ita kaɗai ce kuma ta rage musu.

"Kai ba ka da ƙafa?" in ji ta. "Ga su can, ko tsohuwa ta isa wurinsu."

"Tanti, watanni suka rage mini in yi ritaya," in ji shi. Tanti ake kiran duk babbar mace a can.

Ta dube shi tun daga farin kan har takalmi, ta wuce ciki.

Horia ya tarbe ta da hannu biyu kamar ta zo biki. Ya ja mata kujera, ya sa a kawo ruwa, yana ta kiranta kaka. Ya ce ɗan duba ne injiniyoyi ke yi wa jirgin, yanzun nan za a tashi. Ta ce ta ga jirgin, ko ƙuda babu a kansa bare injiniya. Ya yi dariya, ya ce ashe kaka ta san jirgi, da ta zo da wuri da ya ɗauke ta aiki, ga shi suna neman matuƙa. Yarinyar da ke zaune gaban na'ura ta yi dariya ita ma, don shugaba ya yi.

Paraschiva ta roƙe shi. A faɗi wannan, kada gobe ya ce da zagi ta zo masa. Matar da ko a jana'izar mijinta ba a ga gwiwarta a ƙasa ba ta durƙusa a kan tayil, hannunta duk gishiri, ta kama ƙafar wandonsa. Ta ce ya kira na maƙwabta, gidanta da gonar inabinta duk ya ɗauka. Ya janye ƙafarsa a hankali yana duba ko ta ɓata masa wando. Ya ce ba a haka ake aiki ba, akwai tsari, kuma malamin jinya ya ce Stelian yana nan da sauƙi.

Wayarta ta sake ƙara. Panait ne, kuma daga yadda ya ce "Tanti Chiva", sunan da ake kiranta a ƙauye, ta san babu wani sauƙi. Ya kara wa Stelian wayar a kunne. Numfashi take ji, ja ɗaya, tsayawa, ja ɗaya. Sannan muryarsa, ƙarama kamar ta lokacin da yake zazzaɓi yana yaro.

"Mama, jirgin ya taso?"

"Ya taso, ɗana. Ina kallonsa."

Tana kallonsa kuwa, ta taga, da igiyoyinsa.

Ta ce a ba ta Panait. Ta ce ya bar komai ya nemo kyandir, ya kunna, ya damƙa wa Stelian a hannun dama ya riƙe hannun da nasa, kada ya saki. Panait ya ce babu kyandir a dandamali, ba a taɓa kawo shi ba. Ta ce to ya murɗa tsumma ya tsoma a mai, ai shi kuku ne, wuta sana'arsa ce. Ya ce murhunsa na lantarki ne. Ashana da laita tun a filin jirgi ake karɓe su, ta duba bakin ƙofa za ta ga kwandon. Ko masu shan taba a jikin wani ƙarfe mai zafi na bango suke kunnawa. Iskar wurin duk gas ce, wanda ya kunna wuta ya kashe kowa.

Ta san a saman wannan dandamali akwai wani dogon bututu da harshen wuta ke ci a bakinsa dare da rana, Stelian ya sha nuna mata a waya, ya ce daga nesa jiragen ruwa ke ganinsa. Wuta kamar gida tana ci a kan ɗanta, shi kuma a ƙasa ba a samu ta kan yatsa ba.

Kyandir yana aljihunta. Ta ciro shi ta ɗora a teburin Horia, ta ce ko ba don a ɗauko shi ba, a kai masa wannan.

Horia ya ɗauka ya juya shi, ya ajiye nesa da takardunsa. Ya sunkuyo kan wayar ya ɗaga murya yadda Panait zai ji.

"Ku ba shi tocila mana. Haske ai haske ne, ko ba haka ba, kaka? Ta ma fi daɗewa."

Panait kuwa, da ba shi da abin yi, tocilar ya ba shi. Paraschiva ta ji ƙarar maɓallin a waya. Ta ji Panait yana karanta addu'ar Ubanmu yana cin tuntuɓe a tsakiya, ta ji ya sake daga farko. Kafin ya kai ƙarshe numfashin ya tsaya, bai sake ja ba.

Ba ta yi kururuwa ba. Ta ɗauki kyandirinta ta fita ta zauna a bencin, kusa da Kyaftin Anghel, wanda ya tashi ya ba ta wuri ya tafi bai dawo ba sai da la'asar. A lokacin ɗaya daga cikin matuƙan da ke hutu ya iso yana hamma. Aka kwance igiyoyi, aka auna ma'aikatan da za su canji na dandamali da jakunkunansu, kowa ya jefa laitarsa a kwando. Jirgi ya tashi lafiya lau, jigilar da dama aka tsara kuma aka biya. Ta zauna tana jiran ɗanta.

Jirgin ya dawo cike da rayayyu. Kujerun duk da masu su, in ji yarinyar na'ura, kuma gawa ba gaggawa ba ce. Stelian ya kwana a ɗakin sanyi na Panait tare da naman alade da kifi. Washegari jirgin ruwan kaya ya kawo shi, tsakanin tankunan shara da tukwanen gas da babu komai a ciki. A bakin tashar ruwa Paraschiva ta kunna kyandirin, ta buɗe yatsunsa da ƙyar ta cusa. Kakin ya ɗiga a fatarsa, fatar ba ta san an yi ba.

Limamin coci ya ce akwai addu'o'in irin wannan, Ubangiji mai jinƙai ne. Matan ƙauye suka ci dafaffiyar alkamar sadaka, suka ce Allah ya gafarta masa, suna fita ƙofa suka ce da tocila ya tafi. Yara sun ji. Yanzu in 'yar da Stelian ya bari ta wuce a hanyar makaranta, wayoyinsu suke haska mata a fuska.

Kamfanin ya aiko da furanni, da kwali guda na kyandir masu tsada, dogaye, farare. Horia bai zo ba. An ce yana Bucharest wurin sabunta kwangila, kuma an sabunta.

Paraschiva ba ta iya karatu ba, lauya kuma ya ce mata zuciya zuciya ce, da wuya a kama kowa. Ba ta neman diyya, ba ta neman furanni. Abin da take nema shi ne Horia Dobrin ya fito, ba ta bakin yarinyar ofishinsa ba, ba ta waya ba. Ya zo ƙofar cocin ƙauye ranar Lahadi lokacin da jama'a ke fitowa, ya tsaya gaban uwar nan da 'yar nan, ya faɗi da bakinsa tun yaushe ya san ba shi da matuƙi na biyu, da abin da ya riƙe hannunsa daga wayar nan. Anghel ma ya zo ya tsaya kusa da shi. Su amsa.