Tsoho Lo a Cikin Talabijin Ɗina

Sunana Ang Siu-kim. Ban yi makaranta ba, amma in aka cuce ni ina ganewa. Tun mijina Ban-hok yana da rai ni ke riƙe da babban ludayi a ɗakin girkin haikalin Uwar Teku na unguwarmu. Ranar bikinta ni ke cewa a zuba gishiri, ni ke cewa a sauke. Wannan ludayin aka ƙwace mini saboda wani ɗan farin akwati da bai fi sabulun wanki girma ba.

'Yata Le-hua ce ta kawo shi daga Taipei, guda biyu. Ta ce bangon gidanmu ya cika kauri, intanet ɗin ɗakin baya ba ya iya ƙetarowa falo, shi ya sa talabijin ke sandarewa ana tsakiyar wasa. Ta soka ɗaya a soket ɗin ɗakin baya, ɗaya a bayan talabijin.

"Mama, ta cikin wayar wutar gidan zai riƙa bi. Ba fasa bango, ba jan igiya."

Na ce, "Wayar wuta ta wuta ce. Yaushe ta zama titin kowa da kowa?"

Ta yi dariya, ta hau jirgin ƙasa ta koma. Ni kuma na kai kwalin wurin shara.

Ni a bene nake. A ƙasa akwai ɗan hayana, Tsoho Lo, direban bas da ya yi ritaya, matarsa ta rasu. Mutum ne da ba ya ganin abu a hannun wani bai saya ba. Ashe ya tsinci kwalin, ya kai shago ya ce a ba shi irinsa sak. Ashe kuma ya shiga ƙungiyar tsofaffi masu rera waƙa, yana ɗaukar kansa a wayar hannu don ya kalli yadda yake yi. Duk wannan daga baya na ji.

Ranar da abin ya faru, matan girkin haikali sun taru a falona muna ɓarar tafarnuwa muna tsara abincin biki. Akwai Tsohuwa Tiu, shugabarmu, akwai Bi-tsu matar mai kifi, wadda ta daɗe idonta na kan ludayina. Talabijin ɗina kuwa yana dab da teburin kakanni, inda hoton Ban-hok yake da turaren tsinke a gabansa. Ana hasashen yanayi sai hoton ya ɗauke. Sai ga Tsoho Lo ya cika gilashin, daga shi sai singileti, gashi ya sha baƙin rini har ya zubo a kunne. Yana riƙe da mataji a bakinsa, ya lumshe ido, yana rera waƙar soyayya da murya kamar ana jan kujera a kan siminti. Da ya kai ƙarshe ya kashe ido ɗaya.

Na rarumo abin canza tasha. Na danna, labarai suka dawo. Ban ajiye abin dannawar ba ya sake fitowa, daga farko. Na kashe, ya dawo. Sai da na fizge wayar daga bango.

Bi-tsu ta dubi hoton mijina, ta dube ni. "Yaya Siu-kim, ai da kin ce mana kina da baƙo, da mun bari sai gobe."

"Baƙon uwar wa? Ni na sa shi a ciki?"

"A'a, mu me muka sani. Mu namu talabijin ɗin labarai kawai yake kawowa."

Kafin in je kasuwa washegari labarin ya riga ni. Mai tofu, wato awara, ya ƙara mini yanka ɗaya, wai na mutum biyu. Mai kabeji tana miƙo mini canji tana rera waƙar a hanci. Da na isa haikali, Tsohuwa Tiu ta ja ni gefe ta ce mata sun yi magana: abincin Uwar Teku ba ya son hannun mace mai ɓoye-ɓoye, in huta bana. Ina tsaye aka cire ludayina daga ƙusa aka miƙa wa Bi-tsu, matar da ko ruwan zafi ta dafa sai ya kama.

Daga nan ofishin Mai unguwa Ko na nufa. Na san shi tun yana yawo da majina, don haka ban tsaya gaisuwa ba. Na kamo hannun rigarsa har falona, na leƙa matakala na kira Lo ya hau. Ya zo yana sosa ƙeya, rinin ya koma ruwan toka.

Mai unguwa ya ce, "Kawu Lo, kai ka tura waƙa talabijin ɗin Goggo?"

"Ni nawa nake turawa. Wayar hannuna ta nuna mini talabijin, na danna, nawa bai kawo komai ba. Na ce ko bai ji ba ne, na yi ta dannawa."

Na ce, "Ka yi ta dannawa. Gaban mijina. Da singileti."

"Zafi ake yi, uwar gida."

Mai unguwa ya duba ɗan akwatina, ya sauka ya duba na Lo, sannan ya buɗe akwatin mita da ke ƙarƙashin matakala ya ja makunni. Sama da ƙasa duk suka mutu tare.

"Goggo, marigayi bai raba wutar gidan nan ba?"

"Ya ce gida ɗaya mita ɗaya. Sai me?"

"To waya ɗaya ce ta ratsa sama da ƙasa. Akwatunan nan iri ɗaya ne, daga kamfani ɗaya. In suka haɗu a kan waya ɗaya sai su ɗauka 'yan gida ɗaya ne. Akwai ɗan maɓalli a gefe da ake dannawa su kulle kansu, ba ku danna ba, shi ma bai danna ba. Kin ga ba laifin kowa ba ne. Laifin waya ne."

"Waya ce ta rina gashi? Waya ce ta kashe mini ido?"

Ya danna maɓallan, nawa biyu da na Lo biyu, ya ce an gama. Na ce ba a gama ba. An ɓata mini ƙofa, wato sunan gidana, sai an wanke ta kamar yadda iyayenmu suke yi: mai laifi ya tsaya a bakin haikali ranar da jama'a suka cika, yana raba binlang, goron da muke taunawa a nan, da taba, yana faɗa wa kowa shi ya yi kuskure. Mai unguwa ya ce wannan al'adar ta tsufa. Na ce ni ma na tsufa. Lo dai kansa a ƙasa, ya ce ya yarda.

Abin da ban sani ba, likita ya hana Lo goro, haikali kuma ya hana taba a ƙofa. Sai sakaran ya tafi gidan burodi ya ce yana son abin mutunci da zai raba wa jama'a a haikali, a kan maganar wata bazawara da ke samansa. Mai burodi ta taya shi murna, shi ya ɗauka ladabin ciniki ne.

Ranar na sa jar rigata ta siliki, don ranar nasarata ce. Na tsaya kusa da shi in tabbatar bai tsallake kowa ba, amma na rantse ba zan dube shi ba, na ɗaga haɓa ina kallon rufin haikali. Shi kuma ya fara rabo. Duk jawabin da na koya masa ya gudu, abin da ke fita kawai shi ne, "Saboda Siu-kim ne. Ku yi mini uzuri, na tsufa." Ina jin mutane suna karɓa suna cewa madalla, ai gara haka. Na ce a raina, to, gaskiya ta fito.

Sai da mai tofu ya ce, "Sai yaushe shan giyar auren?" na sauke ido. Jajayen kwalaye ne, kowanne da zanen agwagi biyu suna iyo tare. Wainar baiko. Rabin unguwa na riƙe da ita, wasu har sun fara ci. Ni kuma ga ni cikin ja, launin amarya a wurinmu, tun daga wuya har gwiwa.

Na buɗe baki zan tara masa jama'a, sai na ji an sa mini abu mai nauyi a hannu. Tsohuwa Tiu ce, idonta har da ƙwalla.

"Ƙanwata, ki yafe mana. Tunda abin na aure ne kuma kun fito fili, ina ɓoye-ɓoye? Karɓi kayanki. Jiya Bi-tsu ta gwada miya, har kare ya ƙi."

Ludayina ne. Ƙotar ta yi santsi daidai inda babban yatsana ke zama. Biki saura ƙiris, ga Bi-tsu can tana hararar ƙasa. Na dubi Lo, na dubi ludayin, na rufe bakina.

Na yi girkin biki, an ci an suɗe tukwane. Amma a sani ban yafe ba. Wankin farko ya ƙara wa ƙofata datti, saboda haka ina bin wanki na biyu, kuma dole a yi shi ta yadda ludayin ba zai bar hannuna ba. Na faɗa wa Mai unguwa Ko ya nemo dabara, aikinsa ne. Yanzu da ya hango ni sai ya fice ta ƙofar baya, wai taro.

Lo bai ƙara fitowa a talabijin ɗina ba, wannan kam maɓallin ya yi aiki. Sai dai matan haikali sun ba shi kujera a ɗakin girki yana ɓare mini tafarnuwa, suna kiransa angon Yaya, shi kuma bai taɓa cewa a'a ba. Da yamma kuma yakan tsaya a gindin matakala ya rera waƙar nan da bakinsa, ba waya ba akwati. Na tambayi Le-hua wane maɓalli ake danna wa wannan, ta kashe wayar tana dariya.