Ranar da Auta Ta Bar Makirufo a Buɗe

Da kwalejin ta ce karatu zai koma ta intanet, sai aka fara koya wa ɗalibai yadda za su shiga aji daga gida. Malamin kwamfuta ba ya son wasa, kuma abu ɗaya ya fi nanatawa: in ba magana kake yi ba, ka rufe makirufonka.

Auta ta ji, ta kuma manta. Tana zaune a ƙuryar shagon ɗinkin mahaifinta, don nan ne kawai intanet ke kamawa, sai Baba ya tsayar da keke ya leƙo ta bayanta.

"Auta, kin ci abinci kuwa? Au, wannan ne malamin naku? Gyara zama mana, kar bayanki ya ƙage."

Aji ya kwashe da dariya. Kunya ta rufe ta, ta juyo a fusace.

"Baba, don Allah ka tafi! Ka ba ni kunya!"

Sai a lokacin ta danna makirufon, bayan kowa ya gama ji. Daga ranar 'yan aji suka raɗa mata suna Kin-ci-abinci. Baba bai sake leƙowa ba. In lokacin darasi ya yi, sai ya bar keken ya ɗauki allura yana kalmasa da hannu, don kar ƙara ta dame ta. Ta lura sarai, amma ba ta ba shi haƙuri ba. Gani take akwai lokaci.

Ashe babu. Kafin zangon ya ƙare Baba ya kwanta ciwo, bai tashi ba.

Da masu gaisuwa suka watse, Auta ta bincike wayarta kaf. Hotunansa na nan, muryarsa babu, domin shi bai yarda da saƙon murya ba, cewa yake mahaukaci ne ke surutu shi kaɗai. Tsoro ya kama ta, don ta fara laluben muryar a ranta tana kuɓuce mata.

Ana haka kwalejin ta sanar cewa za a goge tsofaffin darussan da aka naɗa. Sai ta tuna: ai har na ranar nan an naɗa.

Ta sami malamin a ofishinsa. Ya yi mata gaisuwa, sannan ya ce, "In wurin da muryar Babanki ta fito ne ke damunki, yanzu sai in yanke shi."

"A'a, Malam. Shi na zo nema."

Sai ya juya mata kwamfutarsa. "Na koya muku yadda ake saukewa. Sauke da hannunki."

Ta sauke shi a wayarta, ba ta yi kuskure ba.

Ta koma shagon, ta zauna a ƙuryarta kusa da keken da aka lulluɓe da zane. Ta kunna. Ƙarar keke ta fito, ta tsaya.

"Auta, kin ci abinci kuwa?"

Ta san abin da ke biye, ta kuma san inda ake tsayarwa. Ta danna kafin tata muryar ta fito.

"Na ci, Baba," ta ce. "Kai fa?"